Zauren Baba Saje: Ya dawo daga Borno amma kamar ba shi aka dawo min da shi ba

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni sun taru da yawa a wannan karon, huɗu na ɗauka, sauran ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kamar kullum na cire sunaye da lambar bataliya, don wasu masu rubutowar mazajensu har yanzu suna cikin kaki.

TAMBAYA: Baba Saje barka da warhaka. Ni matar soja ce, mijina kofur ne, shekara uku da wata biyar yayi a Borno tsakanin Damboa da wajen Monguno, sau biyu kacal ya samu fas yazo gida. Yanzu wata bakwai kenan da dawo dasu amma wallahi Baba kamar an canja min miji. Baya bacci, in ma ya samu ya runtsa sai ya farka a firgice jiƙe da gumi yana kiran sunan wani abokinsa da ya rasu a can, rannan yaronmu ya bugo ƙofa da ƙarfi kafin in juyo har ya kwanta a ƙasa bayan kujera. Abu kaɗan sai faɗa, har mari ya taɓa kai min sau ɗaya, abinda bai taɓa yi ba tunda mukayi aure. Kullum yana mami maket, kasuwar bariki, sai dare ya raba. Mahaifiyarsa tace sammu ne, an kai shi wajen malamai biyu anyi ruƙiyya ba canji. Na rasa yadda zanyi, in zauna ne ko in tafi gidanmu? Daga maman yara uku, Kaduna.

AMSA: 'Yata, sau uku na karanta saƙonki, don abinda kika faɗa na san shi a jikina. Na dawo daga Laberiya a 1993, ina cikin sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da ke Monrobiya lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka afka wa birnin a watan Oktoban 1992, kuma babbar sallar farko da nayi a gida, ana fara babbakar kai da ƙafa a tsakar gida ƙaurin ya bugi hancina na tashi na bar gidan, sai bayan isha'i na dawo, ba wanda na iya faɗa wa dalili. Shekara kusan biyu ina haka. A lokacinmu ba mai ce maka wannan ciwo ne, sai dai a ce wane tunda ya dawo daga yaƙi kansa ya taɓu, yara su dinga nuna ka.

Toh ciwo ne, kuma yana da suna, likitoci suna ce masa PTSD, mu dai mu kira shi firgicin bayan yaƙi. Ki duba irin zaman da yayi. Shekara uku mutum yana kwana a rami da takalmi a ƙafa, bindiga a ƙirji, kunnensa na sauraren ƙarar babur ko motar da aka ɗora wa babbar bindiga, don mutanen nan sun fi kawo hari da almuru ko da asubahin fari, in kuma za a bi hanya irin ta Maiduguri zuwa Damboa idonsa na kan ƙasa duk inda yaga an tona sabon wuri gabansa ya faɗi saboda nakiya. Wannan ɗar-ɗar ɗin shi ya tsare masa rai a can. Matsalar ita ce sigina tazo an ce bataliya ta koma gida, jiki kuma bai samu tasa siginar ba, har yanzu yana gadi. Shi yasa bugun ƙofa ke jefa shi ƙasa kafin ma yayi tunani, kuma in kin lura zaki ga baya son zama ya ba ƙofa baya, baya son cunkoson kasuwa, lokacin da yara ke buga nokawut a ƙarshen shekara kuwa sai abin ya ƙaru. Sunan abokin nan da yake kira shi ne ya fi tsaya min a rai. Yawancinmu abinda ke cin mu ba tsoron mutuwa bane, tambayar me yasa shi ya tafi ni na rage ce, wani ma musanyar wajen gadi sukayi a daren, sai ya ɗora wa kansa laifin har abada.

Maganar Hajiya ta sammu, kar ki yi musu da ita, uwa ce tana neman wa ɗanta mafita da abinda ta sani. A ci gaba da addu'a da karatun Alƙur'ani, suna kwantar da zuciya, ni shaida ne. Amma da harsashi ne a cinyarsa ba wanda zai ce a tsaya a tofi kawai, asibiti za a nufa ana addu'ar a hanya, kuma Manzon Allah (SAW) ya faɗa cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ki faɗa mata haka cikin ladabi, in ta yarda kin samu babbar mataimakiya don soja ko janar ne yana jin maganar uwarsa.

Ku fara da asibitin barikinku, su zasu iya tura shi asibitin sojoji na 44 da ke nan Kaduna. In yana gudun idon abokan aiki, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, irinsa akwai a Maiduguri da Kware ta Sakkwato. Nasan abinda zai ce miki, wai shi ba mahaukaci bane, kuma yana tsoron kar a rubuta a fayil ɗinsa a hana shi ƙarin girma. Saboda haka kar ki shigo masa ta nan, ki shigo ta rashin bacci, ki ce muje a duba wannan rashin baccin, wannan kam ba zai musa ba don shi ya fi kowa shan wahalarsa. Maganin kuma ba allurar da mutane ke tsoro bace, yawanci zama ne da likita ana magana a hankali mako bayan mako har abin ya daina zuwa masa kamar yanzu yake faruwa, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Zuwan mami maket ɗin ma neman bacci ne, giya ko tiramol suna kashe abin na dare ɗaya su dawo da shi ninki washegari, ki tabbata likita yaji wannan ɓangaren, kar ki rufa masa asiri a gaban likita.

A gida kuma, in yana mafarkin nan kar ki taɓa shi ki girgiza shi, ki tsaya nesa kaɗan ki kira sunansa, ki ce kana gida, Kaduna ne nan, ki kunna fitila. Ki koya wa yara sallama kafin su shigo masa, ki kuma faɗa musu baba bashi da lafiya ne ba tsanarsu yake ba, don yara suna ɗaukar abin a kansu. Kar ki matsa masa da me ka gani a can, kar ki bar kowa ya tambaye shi mutum nawa ka kashe, matasan unguwa suna son wannan tambayar kuma tana ɓata mana rai fiye da yadda suke zato. Ki nemi wanda sukayi zaman rami tare, wanda yake girmamawa, ko limamin bariki, abinda ba zai faɗa miki ba zai faɗa musu.

Sai batun mari. Ciwon ya bayyana dalili amma bai halatta ba, kuma ni ba zan ce miki kiyi ta haƙuri ana dukanki ba. Ranar da yake cikin natsuwa ki faɗa masa a fili cewa in ya sake zaki kwashi yara ki tafi gida har sai ya fara ganin likita, kuma in ya sake ɗin ki tafi da gaske, ki sanar da magajiyar bariki da waliyyinki. In kuwa kika ji ya fara cewa gara ma ya mutu, ko ya fara rabar da kayansa, ko yayi barazana da makami, wannan ba maganar gobe bace, a ranar zaki je wajen RSM, wato babban sajen bataliyarsu, ko kwamandansa don a raba shi da bindiga a kai shi asibiti. Zai ji haushinki na kwana biyu, bar shi yaji. Amsar tambayarki dai, ki zauna muddin ke da yara kuna cikin aminci kuma ya yarda a nemi magani. Matata ta zauna, yau jikokinmu bakwai, kuma ni ke riƙe ragon layya da hannuna.

TAMBAYA: Baba Saje ɗana ne ɗan shekara 20, ya gama sakandare ya dage sai aikin soja, mahaifiyarsa kuka take. Wani mutum yace in kawo dubu ɗari huɗu yana da hanya a sama zai sa sunansa. In sayar da gonata in bayar? Daga wani uba, Funtuwa.

AMSA: Malam kar ka sayar da ko kunya ɗaya ta gonarka. Fom ɗin shiga soja kyauta ne, a intanet ake cikewa a shafin rundunar sojan ƙasa in an buɗe ɗauka, kuma rundunar da kanta tana nanata cewa ba a biyan ko kwabo. Masu wannan sana'ar karɓa suke daga mutum ashirin, in Allah yasa biyu sun ci da ƙoƙarinsu su ce aikinsu ne, sauran kuma a kashe waya. Yaron da bashi da sana'a ana ɗaukarsa daga shekara 18 zuwa 22, da takardar sakandare da ta shaidar ƙaramar hukumarsa, a tantance shi a jiharsa, a auna tsawo, a duba lafiya, a sa shi gudu, wanda ya haye sai Difo, irin ta Zariya, wadda ke horar da kurata tun 1924, yayi wajen wata shida. In kuma yana da kai a boko ya gwada NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshi, ta hanyar JAMB, shekara biyar ne ga sojan ƙasa ya fito hafsa da digirinsa. Kuɗin da zaka kashe na mota ne da hoto da abinci mai kyau, ya fara gudun asuba tun yanzu, kuma ya nisanci ƙwaya don ana gwaji.

Amma ka zaunar da shi ka tambaye shi me yake nema a kakin. In don a ji tsoronsa a unguwa ne ko don hoton Facebook, Difo zata cire masa wannan a makon farko. Ka faɗa masa gaskiya, kurtun da ya fito yau da wuya ya daɗe ba a tura shi Borno ko Yobe ko dazukan Zamfara da Katsina da Neja ba, kuma ana mutuwa, ba ƙananan sojoji kaɗai ba, Laftanal Kanal Muhammad Abu Ali da duk ƙasar nan ta san jarumtarsa a Malam Fatori ya faɗi a watan Nuwamban 2016, a Metele kuma a Nuwamban 2018 an rasa sojoji da yawa har da kwamandan bataliyar. Albashin ƙaramin soja ba mai yawa bane, ba shi zai zaɓi garin da zai zauna ba, kuma ba aikin da zaka gaji ka ajiye ka tafi bane, wanda ya gudu kotun soja ke jiransa. In yaji duk wannan yace har yanzu yana so, toh ka sa masa albarka, wani ne dole zai tsare ƙauyukan nan, kuma aiki ne na mutunci. Sai dai ya lallashi mahaifiyarsa har ta yarda da bakinta kafin ya tafi, na ga yaran da suka shiga daji da nauyin fushin uwa a zuciya, hankalinsu baya zama wuri ɗaya.

TAMBAYA: Baba muna gyara ɗakin kakarmu muka ga wata lambar ƙarfe mai kamar tauraro da ƙyalle ja a tsakiya, gefe shuɗi da ruwan goro. Tace ta marigayi kakanmu ce daga yaƙin Bama. Wai ina ne Bama, kuma me ya kai Bahaushe can? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Ɗana abinda ke hannunka Tauraron Bama ne, lambar da Ingila ta ba waɗanda sukayi yaƙi da Japan a ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila. Ƙasar ita ce Myanmar a yau, gabas da Indiya. Turawa sun kwashi dubban samari daga Najeriya da Gana, wadda ake ce wa Gwalkwas a lokacin, da Saliyo da Gambiya suka haɗa runduna biyu, ta 81 da ta 82, kuma 'yan arewa suna da yawa ƙwarai a ciki, don tun daga ƙaramar rundunar Hausawa da wani Bature mai suna Glover ya kafa a Legas a 1863 Hausa ce harshen bariki, hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta. Sarakuna aka bi wajen ɗaukar mutane, wasu sun tafi da son ransu wasu dagaci ne ya nuna su. Runduna ta 81 ta tafi a 1943 ta jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan aka shigar da su kwarin kogin Kaladan, daji mai duhu da tsaunuka da ruwan sama da zazzaɓi inda mota bata shiga, kaya a ka suke ɗauka, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu. Wasu 'yan Najeriyar an haɗa su da dakarun Chindit masu kutsawa bayan layin Japanawa a 1944. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung suka kori Japanawa daga wurin. Sarkin Katsina Usman Nagogo har can ya je ya duba su. Yankin da suka fi yaƙi, Arakan, shi ne jihar Rakhine ta yanzu inda Musulmin Rohingya suke.

Kai da kake Zariya ma kana wuce tarihin kakanka kullum, barikin Chindit daga nan sunansa ya fito, haka Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, waɗannan biyar ɗin duk sunayen wuraren Bama ne. Abin da ke min ciwo shi ne yadda aka sallame su, kuɗin sallamarsu bai kama ƙafar na Baturen da sukayi rami ɗaya ba, da yawa sun ƙare a gadin kantuna da ofisoshi, waɗanda suka mutu a can kuma sunayen wasunsu na rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon inda danginsu basu taɓa zuwa ba. Kar ku sayar da lambar nan, kar ku goge ta da toka. Ka ɗauki wayarka ka zauna da kakarku ka naɗi duk abinda ta tuna yana faɗa, ko waƙar fareti ce, a makon nan ba sai an yi hutu ba.

TAMBAYA: Baba Saje mijina ya rasu a bakin daga wata biyar da suka wuce, na fita takaba. Yaranmu biyu. Ashe tun yana saurayi sunan yayansa ya rubuta a matsayin magajinsa bai canja ba, yanzu yayan ya daina ɗaukar wayata kuma naji ance an fara biyan wasu haƙƙoƙi. Ba ni da kowa a bariki. Daga wata baiwar Allah, Bauci.

AMSA: Allah ya jiƙansa ya karɓi shahadarsa, ya raya abinda ya bari. 'Yata ki riƙe wannan da kyau, wanda aka rubuta a fom wakili ne da hukuma zata tuntuɓa ta damƙa wa kaya, rubutun bai mayar da dukiyar tasa ba. A shari'a ke kina da tumuni tunda akwai 'ya'ya, iyayensa in suna raye kowanne da sudusinsa, in kuma cikin yaran akwai namiji toh yayan mamaci bashi da ko sisi a gadon, cin dukiyar maraya kuwa Alƙur'ani ya kira shi cin wuta.

Kar ki tsaya jiran waya. Ki haɗa shaidar aurenku, takardun haihuwar yara, lambar aikinsa da hotunanku, kiyi kwafi ki ɓoye na asali, ki rubuta takarda zuwa ga kwamandan bataliyarsa ki bayyana cewa ke ce matarsa ga 'ya'yansa, ki roƙi a sanar da ke duk abinda aka biya da wanda ya rage, don haƙƙoƙin ba guda ɗaya bane, akwai na inshorar rai, akwai wanda ke fitowa ta hukumar fanshon sojoji a Abuja, kuma ba rana ɗaya suke fita ba, saboda haka ko an biya wani kina iya tarar sauran. Ki tambaya musamman game da tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan sojan da ya rasu a bakin aiki, mata da yawa basu san da shi ba. Kince baki da kowa a bariki, kina da su, magajiya da ƙungiyar matan sojoji da limamin bariki aikinsu kenan, ki je da wani babba namiji daga danginki. A ɓangaren dangi a fara da dattawa da mahaifan marigayin, in yayan yaƙi zama sai kotun shari'a ta raba gado, kuma ofishin Legal Aid ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna tsaya wa irinki ba tare da kuɗi ba. Duk takardar da aka miƙo miki kar ki sa hannu sai wanda kika yarda da shi ya karanta miki.

Ku kuma 'ya'yana da ke cikin kaki kuna karanta wannan a waya a bakin rami, wanda yayi aure ko aka yi masa haihuwa bai gyara fom ɗinsa ba, ya samu akawun bataliya a gyara kafin fita ta gaba, ya kuma faɗa wa matarsa da mahaifiyarsa sunan wanda ya rubuta.